Bakin Ɗan Ige

Aikin farko da aka bar ni na taɓa da hannuna wutsiyar zaki ce. Zakin yana bayan wata motar hatsi da ke lodi kusa da tashar jirgi ta Kaura. Maigidana, Oga Matiyu, ya zana shi duka, ya bar mini wutsiya. Na yi ta da safe, ya zo ya duba, ya ɗauki tsumma da kananzir ya goge. Na sake, ya sake gogewa. Sai da la'asar ya ce mini wutsiyar zakin da ya ƙoshi daban take da ta zakin da ke jin yunwa, in tambayi kaina wanne nake zanawa. Kafin wannan rana na daɗe ba ni da aiki sai wankin burushi da dama fenti da jan layi da zare da alli. To wai yau ni ne yara za su zauna a bencin shagona, kowa da waya a hannu, su ce mini ai labarin zane ba shi da wuya, kafin shayi ya huce an gama shafi.

Da ku nake, Mubarak, da kai da Nafisa da sauran 'yan kwalejin da ke zuwa nan ranar Asabar da 'yan littattafanku da kuka haɗa da kanku. Ba na ƙin ku. Hannun Nafisa ma ya fi nawa laushi lokacin da nake sa'arta, ko da yake duk mutumin da ta zana idonsa ya kai faifai. Abin da ke ɓata mini rai shi ne kallon kitse da kuke yi wa rogo. Kun ga littafi guda a akwatina, an gama zanensa, wuraren magana duk fari fat, kuka ce in ba ku ku cike mini shi a yini ɗaya. Ku zauna ku ji yadda aka yi bakin mutumin da ke cikin wannan littafi ya rufe, sannan ku sake faɗin haka.

Oga Matiyu mutumin kudu ne, jirgi ya kawo shi, garin ya riƙe shi har Hausarsa ta koma ta Zamfarawa. Yana da wani kwali a ƙarƙashin teburin fenti cike da littattafan zane na Turawa waɗanda abokansa ma'aikatan jirgi ke kawo masa. Ba ya ba kowa aro. Ni kaɗai yake bari in buɗe, shi ma sai na wanke hannu da sabulu ya shinshina. Ba na jin Turanci a lokacin, amma ina bin labarin daga farko har ƙarshe, domin hotunan ne ke jan mutum. A nan na koyi cewa ba a zana mari, ana zana hannu a sama ne a gida ɗaya, a gida na gaba a zana hula a ƙasa. Mai karatu da kansa zai yi marin a tsakani, kuma nasa ya fi naka zafi.

Littafina na farko labarin ɓarawon akuya ne, da rubutun boko. A kan takardar kakin nan na yi shi, wadda ake karcewa da tsinken ƙarfe a ɗaura a injin gurzawa na makarantar firamare. Idan ka danna da ƙarfi ta yage, idan ka yi sanyin hannu tawada ba ta ratsawa, kuma ba a gogewa. Na ɗinke su da allura da zare, na hau mota zuwa kasuwar Shinkafi ina jin kaina. Wanda ya fara saya wani mahauci ne, Alu, mutum mai ƙiba da dariya a kusa. Ya goge hannu a riga, ya buɗe littafin daga baya, ya bi hotunan daga dama zuwa hagu, ya ɗaure fuska.

"Kai mai zane, wane irin labari na wanga? An yi ma mutum dukan tsiya, sannan yat tashi yas saci akuya? Ashe dukan bai yi mai komi ba."

Na ce a baibai yake karantawa. Ya ce shi dai tun da aka ɗora masa allo a cinya daga dama ake farawa, kuma bai ga dalilin da zai sa ya canza hanya saboda akuya ba. Na duba kasuwar, na ga rabin waɗanda za su saya irin Alu ne: boko ba su yi ba, amma ajami ba ya yi musu gardama. Saboda haka lokacin da kuka zo kuna nuna mini littattafan Japan a wayarku, kuna cewa wai manga daga dama ake karanta shi, kamar kun kawo mini labarin wata duniya, dariya kawai na yi. Alu ya riga su koya mini.

Ajamina kamar tonon kaza yake, kuma maganar da nake sa wa mutanena ba ta da gishiri. Wannan ya kai ni wurin Malam Sahabi a Zurmi, maƙwabcin yayata Rakiya da ke aure a can. Malam ne na gaske, mai rubutun hannu da ake zuwa nema daga nesa, mai fuska kamar bai taɓa jin abin dariya ba. Na shimfiɗa masa zanen wani mai amalanken jaki da na ƙirƙiro, Ɗan Ige, yana jayayya da jakinsa a bakin gada. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki alƙalami ya rubuta layi biyu a wata 'yar takarda. Na karanta, na yi dariya har na ƙware. Shi ko murmushi bai yi ba.

"In za mu yi abin ga, sunana ba ya hita," in ji shi. "Ni ka ba mutane salla in liman bai nan. Ko iyalina ba su sani. Kuma hoto bai kwana gidana da rubutu tare. Kai da hoto, ni da magana."

Haka muka yi ta yi, shekara da shekaru. Ni ke zana shafukan a kan farin kwali, fensir tukuna, sannan alƙalamin ƙarfe da baƙar tawadar kwalba, in bar farin fili a saman kan duk mai magana. Ƙoƙo muke ce wa wannan fili. In kai masa kwafin zanen, ya duba, ya rubuta maganar kowane ƙoƙo a takarda daban da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa, ya ƙone kwafin. Ni kuma in yanka rubutun da reza, in liƙa kowanne a ƙoƙonsa da ƙaro. Idan ƙoƙo ya yi ƙanƙanta, ni ke sake zanen, domin Malam ba ya rage kalma. Ya taɓa sa ni na sake shafi guda ɗungum saboda jakin ya kalli hagu, shi kuma maganar da ya ba shi ta jakin da ya kau da kai ce. Na yi fushi, na sake, kuma shi ke da gaskiya.

Da injin hotokwafi ya zo Kaura na ce wahala ta ƙare, ashe sabuwa ce ta fara. Littafin da ake buɗewa daga dama, jerin shafukansa a kan takardar da za a ninka daban yake, na farko da na ƙarshe su ke kwana wuri ɗaya, kuma gefen ɗinki yana dama. Na gaya wa masu shagon har bakina ya gaji. Ranar da na bar musu aiki na tafi jana'iza, na dawo na tarar an maƙale dukan bugun ta hagu, an yanke gefe da wuƙa, wai an gyara mini. Na zauna da tsinke ina cire ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka fashe. Ga kuma masu satar aiki, waɗanda za su sayi guda su kwafa, su kwafi kwafin, har fuskar Ɗan Ige ta koma gawayi, sannan mai saye ya zo rumfata ya zage ni a kan aikin da ba nawa ba.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai tsuguna a gaban tabarmata ya karance littafi tas, ya yi dariyarsa, ya miƙe ya ce bai yi daɗi ba. Akwai matan cikin gida da ke aikowa a saya musu, littafi guda ya zaga unguwa ya dawo da tabon manja da hawayen dariya. Akwai kuma masu tarawa, su ne gishirin sana'ar. Alu yana da gwangwanin alewa babba da ya rataye a rumfarsa, kowane fitowa na Ɗan Ige yana ciki a jere, ba ya ba da aro ko ga ɗan'uwansa. Idan na kawo sabo, yakan ajiye wuƙa, ya wanke hannu, ya karanta da ƙarfi, mahauta da masu sayen nama su kewaye shi. Shi ne ma'aunina. In cikinsa ya girgiza tun shafi na biyu, na san kayan za su ƙare kafin azahar. Kuma kowa a Shinkafi da Zurmi da Kasuwar Daji ya ɗauka ni ne mai bakin nan. Ana tare ni a hanya a ce, "Isiya, kai dai bakinka ba ya mutuwa." Sai in yi murmushi in wuce, tunda na yi alkawari.

Fitowar ƙarshe da ta shiga kasuwa ta tsaya ne a wuri mai daɗi. Jakin Ɗan Ige ya cinye rawanin mai unguwa da aka shanya, an ja su gaban alƙali shi da jakin, alƙali ya ce ya kare kansa. Hoton ƙarshe Ɗan Ige ne ya ɗaga yatsa ya buɗe baki. Duk inda na bi tambaya ɗaya ce, me zai ce wa alƙali. Ni kaina ban sani ba. Na zana ci gaban, na kai wa Malam kwafi, ya duba, a karo na farko na ga gemunsa ya motsa. Ya ce in dawo bayan kasuwa biyu.

Ban koma ba, domin a tsakanin nan shekarar ta lalace. Mutanen daji masu bindiga suka riƙe hanya, aka rufe kasuwannin mako, aka datse layin waya. Zurmi da ke nan kusa ta koma kamar wata ƙasa. Na koma rubuta lambar gida da allon masu shago don a ci abinci, tawadata ta bushe a kwalba. A wannan shekara ce ma wasunku suka san hanyar shagona, da waya ta mutu kuka rasa abin kallo, kuka zo kuka yamutsa mini akwati. Sai da wani direba ya ratso na ji cewa Malam Sahabi ya kwanta ciwo ya rasu, har an yi sadakar bakwai. Na yi kuka a bayan shago, ba na ɓoyewa.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi na hau mashin na tafi. Na yi wa iyalinsa ta'aziyya, ban iya tambayar komai ba, don me zan ce ina nema? Sai da na shiga wurin Yaya Rakiya, tana tankaɗe, take ce mini ai Malam ya tuna da ni kafin ya cika. Ya aiko mata da wani ƙunshi a cikin fatar akuya, ya ce ta ajiye, na Isiya ne. Na ce ina yake.

"Ai na kyauta ma," in ji ta. "Da nib buɗe nig ga rubutun Malam na, tsab, ba ko ɗigo. Nic ce addu'o'i na yab bar ma. Bisa sif niɗ ɗora su, ban taɓa su ba sai da alwala. To da anka ce mutanen ga na tahe, kowa na ɗaurin kaya, sai nit tuna yadda sunka yi ma garin su ƙawata Hajo, takardu ko'ina ƙasa ana takawa. Nic ce ba da ni ba. Nik kai ma liman, anka haɗa da tsohhin takardun masallaci anka rufe su, yadda aka saba."

Na ce, "Yaya, rufewa kamar yaya?"

"Cikin ƙasa mana, bayan masallaci, wuri mai tsarki. Har turare nis sa musu."

Na zauna a kan turmi. Kun san al'adar, ku ma haka aka tashe ku. Takardar da ke da baƙaƙen Larabci ba a yar da ita, ba a ƙunshe ƙosai da ita, in an gan ta a ƙasa a ɗauka a soke a katanga. In ta tsufa a binne ta da mutunci. Yaya tana karanta Alƙur'ani, amma ba ta taɓa zama ta haɗa baƙi ta ga Hausa ta fito ba, kuma wa zai ce mata Malam Sahabi, mai ba da salla, yana rubuta zancen jaki? Raina ya ɓaci, kuma ba ni da wanda zan sauke wa. In yi faɗa da matar da ta yi alwala don takarduna? In yi da mamaci, da ya ɓoye abin har ya ɓace? Na gaya mata abin da ke ciki. Ta saki rariya, ta dafe ƙirji, ta ce ita da take tsayawa ta yi Fatiha duk lokacin da ta wuce wurin.

Na je wurin liman na ce ajiyata ce aka binne bisa kuskure. Ya ce ba a tone abin da aka rufe, kuma ko an tone, damina ta riga ta bi ta kai, tawadar malamai kuwa da ruwa ake wanke ta. Na san haka tun kafin ya faɗa. Na tsaya ina kallon ƙasar, ciyawa ta fito a kai kore shar, amsar da garuruwa uku ke jira tana ƙarƙashinta.

Na daɗe ban taɓa zanen ba. Da kasuwanni suka buɗe, tambayar ta dawo, Alu ma har saƙo ya aiko da direba. Sai na ce wa kaina abin da kuke ce mini yau. Ni na haifi Ɗan Ige, ni na san yadda yake karkata hula, na karanta maganarsa fiye da kowa, me zai gagare ni? Na zauna na rubuta, na goge, na sake. Na tara karin magana masu kyau, na sa wa alƙali nasa, na sa wa jaki nasa. Na kai wa wani mai rubutun allo a nan Kaura ya kwafe mini da hannu mai kama da na Malam. Na liƙa, na buga, na maƙale ta dama da kaina. A idona ya yi kyau, har na yi dariya a wuri biyu.

Ranar kasuwar Shinkafi ban ko shimfiɗa tabarma ba, na wuce rumfar mahauta. Alu ya tsufa, ya rame, amma da ya hango abin da ke hannuna ya ajiye wuƙa ya nemi ruwa. Mutane suka fara matsowa. Ya buɗe, ya soma da ƙarfi kamar yadda ya saba. Shafi na farko ya wuce. A na biyu muryarsa ta yi ƙasa. Da ya kai wurin da Ɗan Ige ke amsa wa alƙali sai ya koma karantawa a zuci, leɓensa kawai ke motsi. Wasu suka koma wurin cinikinsu.

"Zanen naka na, Isiya," in ji shi. "Amma wa yas sa mai maganar ga baki? Ɗan Ige bai wa'azi. Ɗan Ige bai jera karin magana awa mai neman sarauta. Kalma ukku yaka yi ka hwaɗi ƙasa."

Alkawari ya ƙare da mai shi, sai na gaya masa gaskiya, na faɗi sunan.

"Malam Sahabi na Zurmi? Wanda ba ya dariya?" Ya girgiza kai. "Allah shi jiƙan shi. Ashe shi yaka ba mu dariya dut shekarun ga."

Wannan shi ne littafin da kuka gani. Da na dawo na jiƙa tsumma na ɓamɓare rubutuna daga kowane ƙoƙo na ainihin zanen, sauran bugun kuma ban kai ko'ina ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina zana bakin mutumin nan na kasa sa masa magana guda da mahauci zai yarda da ita, ku kuma kuna cewa a yini ɗaya.

Alu bai mayar mini da nasa ba, bai kuma ƙarasa karantawa ba. Na tsaya ina jira ya sauko da gwangwanin alewa ya sa shi cikin 'yan'uwansa. Bai ko kalli gwangwanin ba. Ya rufe littafin a hankali, ya miƙa hannu ya soke shi a cikin karan rufin rumfa, inda ake sa takardar da ba za a karanta ba, ba a kuma so a taka. Sannan ya ɗauki wuƙarsa ya tambayi matar da ke jira na nawa za a yanka mata.